Yadda Za Ka Kafa Tashar Tor Daga Gusau, Ka Kuma Riƙe Ta

Watanni ke nan ina amsa tambaya ɗaya a shagona da ke Tudun Wada. Duk yaron da ya zo koyon kwamfuta ya tarar da ni da sassafe na buɗe baƙin allo ina bin wasu lambobi da ido, sai ya ce, "Malam, wannan kuma mene ne?" In na ce masa tashar Tor ce nake dubawa, tambaya ta gaba ita ce yadda shi ma zai kafa tasa. Wasu daga Ƙauran Namoda da Talatar Mafara har waya suke bugowa. Shi ya sa na zauna na jera aikin daki-daki, yadda na yi shi da hannuna, har da wuraren da na yi tuntuɓe.

A taƙaice, Tor hanya ce ta shiga intanet ba tare da an gane mutum ba: mai amfani da shi saƙonsa yana bi ta tashoshi uku kafin ya isa inda za shi. Ta farko ta san daga ina ya fito amma ba ta san inda ya nufa ba, ta ƙarshe ta san inda ya nufa amma ba ta san mai shi ba. Tashoshin nan sun haura dubu bakwai, kuma mutane ne ke riƙe da su don kansu, ba mai biyansu ko kwabo. Mafi yawansu suna Jamus da Amurka da Holan, na Afirka kuwa ba su taka kara sun karya ba. A nan Zamfara in aka ce sa-kai, hankali wani wuri yake tafiya. Wannan sa-kan na bayar da intanet ne da lokaci.

Abu biyu nake so a sani kafin a taɓa komai. Tor ba ya ƙirƙiro sabis. Lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar nan a watan Satumba na 2021, ba manhajar da ta iya fitar da saƙon kowa, domin turakun kansu aka kashe. Inda yake amfani shi ne in intanet na nan amma an toshe wata ƙofa, kamar yadda aka rufe Twitter a Najeriya daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, ko kuma in mutum yana tsoron a gane shi. Na biyu, wani dattijo ya taɓa tare ni da cewa, "Yaro, ba miyagu kake buɗe wa hanya ba?" Ban raina tambayar ba, ƙasarmu ta ga jini. Amsata ita ce hanya takan ɗauki kowa, amma ni wanda nake gani a idona shi ne ɗan jaridar da ke bin labarin da zai iya jawo masa bala'i, da mutumin ƙauyen da ke son faɗin abin da ya gani ba tare da an gano gidansa ba. In zuciyarka ba ta natsu ba, ka bar shi, ba dole.

Mataki na 1: Zaɓi aikin da ya yi daidai da ƙarfinka

Aikin kashi huɗu ne, kuma a nan mutane suka fi yin kuskure, domin kowa babba yake hange.

Mafi sauƙi shi ne Snowflake. Ɗan ƙari ne da ake liƙa wa burauzar Firefox ko Chrome, mutanen ƙasashen da aka toshe Tor su riƙa ratsawa ta kwamfutarka. Sai gada, wato tashar da ba a wallafa adireshinta a fili, ana raba shi kaɗan-kaɗan ga masu buƙata. Sai tashar tsakiya, wadda ke karɓar saƙo daga wata tasha ta miƙa wa wata, in ta daɗe ta kuma yi ƙarfi a ɗaga ta ta zama mashiga, wato tashar farko da saƙo ke shiga. Ta huɗu ita ce tashar mafita, inda saƙo ke fita zuwa shafukan duniya.

Hattara: kada ka kafa tashar mafita a gidanka, ko shagonka, ko da sunanka kai kaɗai. Duk abin da wani ya aikata ta cikinta, adireshinka za a gani. In an bi sawun wata damfara a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa, kafin ka gama bayani kuma an kwashe kwamfutocinka. Masu riƙe irin wannan tasha galibi ƙungiyoyi ne da jami'o'i masu lauya a gefe. Su kansu masu Tor sun hana a yi ta a gida. Wannan jagora ba ta shafe ta ba.

Mataki na 2: Gwada intanet ɗin da ke hannunka

Tasha ko gada tana buƙatar adireshin IPv4 na fili, wanda na waje zai iya ƙwanƙwasawa ya same ka kai tsaye. Layukan waya da muke sa wa rauta ko maifai ba sa ba da wannan. Kamfani yakan tara ɗaruruwan mutane a bayan adireshi ɗaya, abin da ake kira CGNAT. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa da zaure ɗaya: kai kana iya fita, amma baƙo ba zai san ɗakin da zai nufa ba. Starlink ma, da ya shigo Najeriya a farkon 2023, haka tsarinsa na gida yake.

Gwajin ba wuya. Shiga shafin rautarka ka duba adireshin da aka rubuta a gefen WAN. Sannan ka buɗe kowane shafi da ke nuna wa mutum adireshinsa na waje. In lambobin biyu sun bambanta, ko na rautar ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to kana bayan zauren haya.

Ni ban yi wannan gwaji ba da farko. Na ɗauko tsohuwar kwamfuta, na share mata ƙura, na haɗa ta da batirin sola, na kwana uku ina buɗe ƙofofi a rauta ina rufewa, ita kuwa tana ta maimaita cewa ba a iya isa gare ta daga waje. Ko da a ce ta yi aiki, da ba ta kai ko'ina ba. Ga ɗauke wuta, ga zafin Afrilu da ke sa fankar kwamfuta kuka, ga tsawar damina, ga uwa uba kuɗin data.

Don haka in intanet ɗin gida kawai gare ka, Snowflake ne naka. Buɗe ma'ajiyar ƙari ta burauzarka, nemi Snowflake wanda Tor Project suka wallafa, girka, kunna. Alamarsa takan koma kore in wani yana ratsawa ta wurinka. Shafukan da mutumin ke ziyarta ba sa ganin adireshinka, domin kai gadar Tor kawai kake miƙa wa. A wayar Android, manhajar Orbot tana da irin wannan zaɓi. Kada a raina shi: lokacin da Rasha ta toshe Tor a ƙarshen 2021, da lokacin zanga-zangar Iran ta 2022, ta wannan hanya mutane da yawa suka samu fita.

Hattara: Snowflake datarka yake sha. In ƙunshin wata kake saye, ka kunna shi lokacin da ka san kana da rara, ka kashe in ta yi ƙasa. In kuma intanet ɗin makaranta ne ko na ofis, sai da izinin masu shi, a rubuce.

Mataki na 3: Yi lissafi, sannan ka kama hayar saba

Wanda ke son tasha ta gaske, sai ya kama hayar ƙaramar saba, wato kwamfutar da ke kunne dare da rana a kan intanet, a cibiyar da wuta ba ta yankewa, ya riƙa sarrafa ta daga nan Gusau. Abin da masu Tor suka gindaya ga tashar tsakiya shi ne gudun aƙalla megabit 10 a daƙiƙa, shiga da fita, sun ma fi son 16. Ƙwaƙwalwar RAM megabait 512 ta isa in gudun bai kai megabit 40 ba, in ya wuce haka a nemi gigabait 1. Wurin ajiya kuwa ba ya cin ko megabait 200. Gada ta fi sauƙi, megabit 1 ma ya ishe ta farawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne yawan data. Ɗauki biro. Megabit 10 a daƙiƙa daidai yake da megabait 1.25. In tasha ta yi wannan gudu ba tsayawa, a yini ta fitar da gigabait 108, a wata kuma sama da terabait 3. Wannan fita kaɗai ke nan, shigowa ma kwatankwacin haka. Mafi ƙarancin abin da ake nema ga tasha shi ne gigabait 100 na fita a wata. Ka kwatanta da kuɗin ƙunshin data a layinka, za ka ga dalilin da na ce a bar maganar gida.

Ƙananan sabobi sukan kama daga dala 4 zuwa 7 a wata. Ka mayar da shi naira da canjin ranar, ka ninka sau goma sha biyu, ka tambayi kanka ko za ka iya ɗaukar wannan shekara guda ba tare da ka taɓa kuɗin cefane ba. Tashar da aka kunna wata ɗaya aka watsar ba ta amfani kowa sosai ba, dalilin yana zuwa a mataki na 9. In ya yi maka nauyi, ku haɗu ku uku ko huɗu ku yi karo-karo, amma mutum ɗaya ya riƙe makulli.

Kafin ka biya, ka tabbatar da abu huɗu. Shin kamfanin ya yarda a kafa tashar Tor? Karanta sharuɗɗansu, ko ka tura musu wasiƙa ka ce tasha ce wadda ba ta mafita ba, ka ajiye amsar. Nawa ne iyakar data a wata, fita kaɗai suke ƙirgawa ko har da shiga? In ka wuce iyaka, rage gudu suke yi ko caji? Sannan akwai IPv4 a cikin farashin, ko daban ake biya? Ba kowane katin naira ke biyan kuɗin waje ba, don haka ka gwada naka tun da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya.

Shawarata: in datar da aka ba ka terabait 1 ce ko 2, ka yi gada. In marar iyaka ce, ka yi tashar tsakiya. Kuma masu Tor suna roƙon a guji manyan kamfanonin da tashoshi suka riga suka cunkushe a cikinsu, irin su Hetzner da OVH da DigitalOcean. Ba don suna da aibu ba, sai don in rabin tashoshi suna rumfa ɗaya, mai leƙen rumfar ya ga da yawa. In ka samu cibiya a Legas ko Johannesburg mai data wadatacciya, tasharka ta fi guda goma da za a ƙara a Jamus daraja a wurina.

Mataki na 4: Kulle sabar kafin komai

Zaɓi Debian, wani nau'in Linux, lokacin da ake tambayarka tsarin da za a ɗora. Da zarar an ba ka adireshi, cikin sa'o'i kaɗan injinan masu gwada sa'a za su fara jarraba kalmomin sirri a ƙofarka. Ranar da na fara duba kundin shiga na sabata, layuka ne ba iyaka na baƙin da ban sani ba.

A kwamfutarka ka ƙera makulli, ka tura rabinsa na fili can:

`ssh-keygen -t ed25519`
`ssh-copy-id sunanka@adireshin-saba`

Sai ka buɗe `/etc/ssh/sshd_config` a sabar, ka mayar da layin `PasswordAuthentication` ya zama `no`, ka sake tayar da SSH, wato manhajar da kake shiga sabar da ita daga nesa. Daga nan ka sa katanga, wadda ke rufe duk ƙofofin shiga sai waɗanda ka buɗe:

`apt install ufw`
`ufw allow 22/tcp`
`ufw allow 443/tcp`
`ufw enable`

Hattara: kada ka rufe tagar da kake ciki sai ka buɗe wata sabuwa ka ga makullin ya shigar da kai. Kuma ka buɗe ƙofa ta 22 kafin ka kunna katangar. Wanda ya juya wannan jeri ya kulle kansa a waje. Kada kuma ka toshe hanyoyin fita, tasha tana buƙatar magana da dubban 'yan'uwanta ta ƙofofi daban-daban.

Duba agogo da `timedatectl`, ka ga yana daidaita kansa. Tor ba ya jure agogon da ya kauce.

Mataki na 5: Girka Tor daga ma'ajiyar masu shi

Wanda ke cikin Debian yakan ɗan tsufa, gara a ɗauko daga tushe. Duba sunan Debian ɗinka da `cat /etc/os-release`: na 12 sunansa bookworm, na 13 trixie. Ƙirƙiri fayil `/etc/apt/sources.list.d/tor.list` ka sa wannan layi, da sunan naka:

`deb [signed-by=/usr/share/keyrings/deb.torproject.org-keyring.gpg] https://deb.torproject.org/torproject.org trixie main`

Umarnin sauko da makullin sa-hannu kuwa, ka kwafo shi daga support.torproject.org da kanka. Da gangan na ƙi rubuta shi a nan. Abin da zai tabbatar maka cewa manhajar ta gaske ce bai kamata ka karɓe shi daga hannun wani ba, ko da ni ne. Lambar makullin tana ƙarewa da 886DDD89. Bayan haka:

`apt update`
`apt install tor deb.torproject.org-keyring nyx vnstat unattended-upgrades`

Mataki na 6: Rubuta saitin tashar tsakiya

Buɗe `/etc/tor/torrc`. Fayil ne dogo cike da bayanai, kada ya tsorata ka, gangara ƙasa ka ƙara layuka biyar:

`Nickname Kwatarkwashi1`
`ContactInfo imel-ɗinka`
`ORPort 443`
`ExitRelay 0`
`SocksPort 0`

Laƙabin kada ya wuce harafi 19, baƙaƙen boko da lambobi kawai, ba tazara, ba ƙ ko ɗ ko ɓ. Na ga wanda ya wuni yana neman dalilin da Tor ya ƙi tashi, ashe ƙugiya ɗaya ce a cikin sunan.

Hattara: laƙabi da imel duk duniya za ta gani. Buɗe imel na musamman don wannan aiki, kada ka sa lambar waya, kada ka sa sunan unguwarku. Amma ya zama imel ɗin da kake dubawa, domin ta nan za a neme ka in tasharka ta samu matsala. Layin `ExitRelay 0` kuma ka karanta shi sau biyu.

In datarka tana da iyaka amma duk da haka tashar tsakiya ka zaɓa, ka sa mata linzami. Misali mai terabait 2 a wata:

`AccountingStart day 00:00`
`AccountingMax 60 GBytes`

Tasha za ta yi aiki har ta cinye gigabait 60, ta kwanta, gobe ta tashi. Sittin sau talatin 1,800 ke nan, ragowar ta zama rara. In kamfanin yana haɗa shiga da fita a lissafinsa, ƙara `AccountingRule sum`, in ba haka ba za ka ci ninki biyu na abin da ka zata. Ka fi son iyakar yini a kan ta wata, kada tasha ta cinye rabonta cikin mako ɗaya ta yi barcin sati uku.

Akwai kuma `RelayBandwidthRate` mai rage gudu. A nan ka lura da bambancin `MBits` da `MBytes`: na biyun ya ninka na farko sau takwas. Kuskuren harafi biyu zai iya jawo maka bashin da ba ka shirya ba.

Mataki na 7: Kunna, ka saurara

`tor --verify-config -f /etc/tor/torrc`
`systemctl restart tor@default`
`journalctl -e -u tor@default`

Na farko zai nuna maka in akwai kuskuren rubutu. A cikin kundin, jimlar da kake jira ita ce mai farawa da "Self-testing indicates your ORPort", ta ce ana isa gare ta daga waje, sannan ta ce "Excellent". Takan fito cikin 'yan mintuna. In ta ƙi, duba katangarka, sannan ka duba ko kamfanin yana da tasa katangar daban a shafinsu, wannan ita ta fi kama mutane. Bayan kamar awa uku, nemi laƙabinka a sashen Relay Search na metrics.torproject.org. Lambar shaidar tasharka tana cikin `/var/lib/tor/fingerprint`, kwafe ta a littafi.

Hattara: adireshin tashar tsakiya a fili yake, kuma wasu shafuka, har da na wasu bankuna, sukan toshe duk adireshin da ke cikin jerin Tor ba tare da bambance mafita da tsakiya ba. Don haka kada ka haɗa tasha da shafin kasuwancinka a saba ɗaya.

Mataki na 8: In gada ka zaɓa

Matakai na 4 da 5 duk ɗaya ne. Ƙara `apt install obfs4proxy`, wanda ke sauya kamannin saƙo yadda mai toshewa ba zai gane na Tor ba ne. Saitin ya zama:

`BridgeRelay 1`
`ORPort 8443`
`ServerTransportPlugin obfs4 exec /usr/bin/obfs4proxy`
`ServerTransportListenAddr obfs4 0.0.0.0:40123`
`ExtORPort auto`

Sai laƙabi da imel kamar da. Lambobin ƙofofin misali ne, zaɓi naka, su haura 1024 don ka huta da neman izini na musamman, ka kuma buɗe duka biyun a katanga. Guji 9001, masu toshewa sun san ta Tor ce. Layin gadarka yana `/var/lib/tor/pt_state/obfs4_bridgeline.txt`. Cike adireshi da ƙofa da lambar shaida a cikinsa, ka sa a Tor Browser ka gwada da kanka.

Hattara: kada ka liƙa wannan layi a Facebook ko a zauren WhatsApp don nuna bajinta. Amfanin gada a ɓoyuwarta yake. Kada kuma ka mayar da tsohuwar tashar tsakiya gada a kan adireshi ɗaya, an riga an san shi. Sabuwar gada tana iya yin kwanaki ko makonni ba wanda ya taka ta. Wannan ba lalacewa ba ce.

Mataki na 9: Haƙurin kwana 68

Wannan shi ne matakin da ba a taɓa komai, kuma shi ya fi wuya. Kwana uku na farko tasha kusan shiru take, ba a auna ta ba tukuna. Daga kwana na uku zuwa na takwas injinan awo suna gwada gudunta, zirga-zirga ta fara hawa. Wajen kwana na takwas, in tana da ƙarfi kuma ba ta yawan mutuwa, za a iya ba ta tutar Guard, wato ta cancanci zama mashiga. A nan abin mamaki yake: sai ka ga zirga-zirgar ta faɗi. Dalili shi ne an rage amfani da ita a matsayin ta tsakiya, su kuma masu amfani ba sa sauya mashigarsu sai bayan makonni, don haka a hankali suke zuwa. Sai wajen kwana na 68 take cika ta daidaita.

Da na ga wannan faɗuwa a tashata ta farko, na ɗauka na ɓata wani abu. Na goge sabar gaba ɗaya na sake ɗorawa, ban ajiye makullai ba. Tashar da ta tashi sabuwa ce fil a idon Tor, duk amanar da ta tara ta tafi, aka koma kwana na ɗaya. Har yau in na tuna sai na ji zafin abin, shi ya sa mataki na gaba yake da nasa kan magana.

Mataki na 10: Ajiye makullai

Shaidar tasharka tana cikin `/var/lib/tor/keys`. Kwafo jakar nan zuwa kwamfutarka da `scp`, ka kulle ta da kalmar sirri, ka sa a filashi, ka ajiye inda kake ajiye takardun gida. In ka ƙaura zuwa wata saba, tsayar da Tor, mayar da jakar wurinta, ka ba `debian-tor` mallakarta da `chown -R debian-tor:debian-tor /var/lib/tor`, sannan ka kunna.

Hattara: kada makulli ɗaya ya yi aiki a saba biyu lokaci guda. Kada ka tura shi ta WhatsApp ko imel. In ka yi zargin an shiga sabarka, ka watsar da makullan ka fara sabo, asarar kwana 68 ta fi a yi amfani da sunanka a cuci mutane. In kuma ka ƙara tasha ta biyu, wajibi ne ka bayyana cewa dangi ne, ta hanyar jera lambobin shaidarsu a layin `MyFamily` na kowacce, don kada saƙon mutum ɗaya ya bi ta hannunka sau biyu. Gada ba a sa ta a wannan layi.

Mataki na 11: Kulawar yau da gobe

Fara da sabuntawa. Buɗe `/etc/apt/apt.conf.d/50unattended-upgrades`, a cikin sashen `Origins-Pattern` ka ƙara `"origin=TorProject";` kusa da layin tsaron Debian. Gwada da `unattended-upgrade --debug --dry-run`. Wannan ba ado ba ne. In Tor ɗinka ya tsufa har aka daina tallafa masa, ana cire tashar daga jeri, kana can kana biyan haya a banza.

Ni ga yadda nake yi. Kullum da safe, bayan na share shago kafin yara su iso, nakan buga `sudo -u debian-tor nyx` in ga tana numfashi, minti biyu ya isa. Ranar Juma'a bayan an sauko, nakan duba `vnstat -m`, mai nuna datar da aka ci, in kwatanta da iyakar wata, in karanta kundin in nemi layukan da ke ɗauke da `warn`, in leƙa Relay Search in ga tutocina, Running da Valid da Fast da Stable, suna nan. In kernel, wato zuciyar tsarin Debian, ya sabunta, nakan sake tayar da sabar, 'yan mintuna ba sa zubar da tuta. Abin da ke zubar da ita shi ne yawan kashewa da kunnawa don gwaje-gwaje.

Amana ɗaya ce a wuyanka: kada ka leƙa. Kada ka girka wani abu da zai naɗi adireshin masu ratsawa, kada ka bar kundin a matakin `debug` ko `info`, kada ka ɗauki hoton allon nyx mai nuna haɗe-haɗe ka watsa. Mutumin da ya bi ta tasharka bai san ka ba, ya dai yarda ne cewa ba ka kallo.

Sai kuɗin haya, wanda shi ya fi kashe tashoshin mutanenmu, ba wata matsalar fasaha ba. Kati ya ƙi biya, ko saƙon tuni ya faɗa imel ɗin da ba a dubawa, kamfani ya goge saba. In suna karɓar kuɗin gaba, zuba na wata uku. Sabis ma yakan yanke mana a nan kwana da kwanaki, mun gani a 2021, kuma sabar da aka biya wa haya, mai sabunta kanta, za ta ci gaba da aiki ko ba ka leƙa ta ba. Ni ranar biya tana rubuce da jan biro a kalandar da ke bayan ƙofar shago, na kuma ja da ita baya da kwana bakwai, don in katin ya ƙi in samu sararin zuwa banki.